Ina son zurfafa karatu a fannin jinyar masu ciwon ƙoda, ku ba ni shawara

Maman Biyu, Tudun Wada:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni nas ce, shekarata 13 ina aiki a wani asibiti nan cikin garin Kaduna, mafi yawan shekarun a ɗakin haihuwa na yi su. Watanni takwas ke nan yayana yana kan wankin ƙoda, hawan jini ne ya kai shi. Ni nake raka shi duk lokacin da ba na bakin aiki. Ranar da abin ya tsaya mini a rai, ina zaune kusa da gadonsa sai injin ya fara ƙara, ya jiƙe da gumi, ya riƙe ƙafarsa yana salati. Ya juyo ya kalle ni don ya san ƙanwarsa nas ce, ni kuwa wallahi ban san me ƙarar take nufi ba. Wata yarinya da ba ta kai ni shekarun aiki ba ta zo ta kwantar da kan gadon, ta rage ruwan da injin yake ja, ta ƙara masa ruwa kaɗan ta jijiya, cikin mintuna ya dawo hayyacinsa. Tun daga ranar na ƙudurta zan koyi wannan aiki.

Hanya biyu ce a gabana. Akwai wata cibiya mai zaman kanta da take koyar da sarrafa injin cikin makonni shida, zan iya haɗawa da aikina. Akwai kuma cikakken karatun ƙwarewa na jinyar ƙoda wanda zai ci mini shekara, kuma sai na bar gari. Shekaruna 39, 'yan biyuna suna aji huɗu na firamare, ga jinyar Yaya. Wanne kuke ganin ya kamace ni? Kuma wanda yake cikin aikin ya faɗa mini gaskiyar abin da zan tarar.

Tsohuwar metiron, Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah Ya ba yayanki lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni dai ba zan ɓoye miki ba, ki tafi na shekarar. Batun shekaru kuwa ki ajiye shi, gemu ba ya hana ilimi, kuma masu shekarun aiki irinki ake so a wannan karatu, waɗanda idonsu ya riga ya saba da mara lafiya.

Danna maɓallin inji, yaro mai wayo zai iya koyonsa a mako biyu. Abin da ake zuwa koyo shi ne mutumin da yake kan gadon. Misali ɗaya zan ba ki. Wanda aka kawo shi karon farko, dattin jininsa ya yi yawa ƙwarai, ba a yi masa awa huɗu irin na kowa. Kamar awa biyu ake yi masa, a hankali, don in aka kwashe dattin da sauri ruwa yana iya shiga ƙwaƙwalwa, ya kama ciwon kai da amai, har da jijjiga. Wanda bai san dalilin ba zai ga kamar taimako yake yi in ya tsawaita wankin.

Fannin nan ba tsoho ba ne a ƙasar nan. A 1981 aka fara wankin ƙoda a asibitin koyarwa na Legas, dashen ƙoda kuma sai a 2000 a asibitin St. Nicholas da ke Legas, sannan Asibitin Malam Aminu Kano ya yi nasa a 2002. Muna aiki duk aka yi waɗannan, kuma har na ajiye aiki masu takardar ƙwarewa a fannin ba su wadata ba.

Kafin ki biya ko sisi, ki tabbatar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta amince da makarantar, don ita ke yi miki rajistar ƙwarewar bayan kin ci jarrabawarta. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ilori yana da irin wannan karatu. Ki duba jerin makarantun da hukumar ta amince da su, ki zaɓi wadda ta fi miki kusa. Hutun ƙaro karatu kuma a rubuce za ki nema, a rubuce za ki karɓi amincewa. Kada ki kama hanya da alkawarin baki. In sun ɗaure ki da sharaɗin dawowa ki yi musu aiki na wasu shekaru, ki karanta takardar da kyau kafin ki sa hannu.

Nas a sashen wankin ƙoda, Kawo:

Anti, Mama Metiron ta gama magana kan karatu, ni bari in ba ki labarin aikin, shekarata shida a ciki.

Da mara lafiya ya shigo, sikeli ne farko. Kowa yana da nauyinsa na asali da muka sani, wato nauyinsa in babu ruwan da ya taru. In ya ƙaru da kilo uku tun wankin da ya wuce, lita uku ce ta ruwa a jikinsa. Abin da ya faru da yayanki, ga dukkan alama jininsa ne ya sauka don ruwan da ake ja ya fi ƙarfin jikinsa a lokacin. Mun fi ganin haka ga waɗanda suka daɗe ba su zo ba, ruwa ya taru da yawa ana son a cire shi a zama ɗaya.

Sai hanyar jini. Akwai robar da ake sakawa a wuya ko a cinya, akwai kuma haɗin jijiya da likitan tiyata yake yi a hannu, wanda muke cewa fistula (ba ta yoyon fitsari ba, kada ki ce na manta daga ɗakin haihuwa kika fito). Tana ɗaukar makonni shida zuwa takwas ko fiye kafin ta nuna a fara sokawa. In kin ɗora yatsa a kai za ki ji tana kaɗawa kamar wayar da aka kira, ranar da kaɗawar ta tsaya hankalin kowa ya tashi. Ba a awon jini a wannan hannu, ba a ɗibar jini, ba a sa ƙarin ruwa. Na sha ganin an kwantar da majinyacinmu a wani ɗaki, nas mai kyakkyawar niyya ta ɗaura masa abin awon jini a hannun fistula, don ba wanda ya taɓa gaya mata.

Rabin aikin kuma magana ce. Wanda fitsarinsa ya ƙafe, abin da aka saba ba shi ya sha a yini shi ne gwargwadon fitsarin da ya yi jiya da ƙarin kamar rabin lita, wato leda ɗaya ta fiya wata. Ki tuna zafin Kaduna a watan Maris da Afrilu, ki ce wa dattijo leda ɗaya ce rabonsa. Ki hana shi dabino da ayaba da lemon zaƙi saboda fotasiyam da ke iya tsayar da zuciya, ki ce a rage gishiri da dunƙule, a bar kunun kanwa. In ba ki zauna da matarsa mai girki ba, kin yi aikin banza.

Ki tabbatar kin kammala rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku, kafin ki shiga. Jini muke taɓawa tun safe har dare, kuma masu wannan cuta inji daban ake ware musu.

Abin da ya fi nauyi shi ne kuɗi. Ƙa'ida sau uku a mako ne, awa huɗu-huɗu. Ƙalilan ne ke iya hakan. Za ki saba da mutum, ki san sunayen 'ya'yansa, sai ya koma sau ɗaya a mako, sai sau ɗaya a mako biyu, sai ki daina ganinsa. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, an gode Allah, amma ga allurar ƙarin jini, ga gwaje-gwaje, ga kuɗin mota daga Birnin Gwari ko Saminaka. Ki shirya wa zuciyarki wannan.

Mai gyaran na'urorin asibiti, Kakuri:

Hajiya, abu ɗaya zan ƙara. Duk inda za ki je koyo, ki ce a kai ki ɗakin tace ruwa. A zama ɗaya na awa huɗu, kusan lita 120 ta ruwan wanki ce ke wucewa gefen jinin mutum, siririyar fatar matatar injin kawai ta raba su. In tankin gawayin da ke tsane sinadarin kulorin daga ruwan ya gaji, kulorin ya tsallake, jajayen ƙwayoyin jini fashewa suke yi, kuma duk waɗanda ke kan inji a lokacin abin zai shafa. Nas ɗin da ta san haka ba ta ɗora kowa sai ta ga an gwada ruwan safe an rubuta. Ki kuma koyi juya famfon jini da hannu don mayar wa mutum jininsa in wuta ta ɗauke janareto bai tashi ba. In kwas ɗin makonni shidan nan bai koyar da waɗannan biyun ba, to bai cika ba.

Abu Hanifa, Rigasa:

Ni na yi gajeren kwas ɗin, kuma ban yi nadama ba. Shi ya buɗe mini ƙofa na fara aiki ƙarƙashin wata ƙwararriya. Sai dai takardarsa shaidar halarta ce kawai, ba ta ƙara mini matsayi ba, yanzu haka cikakken nake nema. In hali bai ba ki na shekarar bana ba, ki fara da shi, da babu gara ba daɗi. Amma kada ki yarda a bar miki ɗaki ke kaɗai da wannan takardar.

Likita, Zariya:

Sista, na karanta duka, na yarda da Mama Metiron. Inda nake son ki sake dubawa shi ne yadda kike ganin kamar za ki bar ɗakin haihuwa ki fara daga farko. Shekarunki 13 a can su ne jarinki. Yawancin matan da ƙodarsu ke tsayawa farat ɗaya a wajenmu, daga zubar jini bayan haihuwa ne, ko jijjiga, ko ƙwayoyin cuta da suka shiga jini. Irin wannan tsayawar sau da yawa tana warkewa in an gano da wuri, wata ma ba sai an kai ta inji ba. Ganowar kuwa a ledar fitsari take. Macen da ta kai kilo 60, in fitsarinta ya gaza mililita 30 a awa har awa shida, ƙoda tana neman agaji. Nas ce ke tsaye a wurin da ƙarfe uku na dare, ba likita ba.

Ciwon ƙoda mai daɗewa kuma matakai biyar gare shi, kuma shiru yake ci. Mutum yana iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa bai ji komai ba. Sai aikin tacewar ƙoda ya faɗi ƙasa da kamar kashi 15 cikin 100 ake shiga mataki na biyar, inda ake maganar wanki ko dashe. Kafin nan akwai shekaru da za a iya ja da awon jini, da rage suga, da gwajin fitsari mai araha da ke nuna furotin. Akwai kuma hana mutane shan diclofenac da ibuprofen kullum saboda ciwon jiki, da haɗe-haɗen da ake sayarwa a tasha ba a san abin da ke ciki ba, da man bilicin mai sinadarin makuri. Cikakken karatu zai ba ki duk wannan, har da kula da wanda aka yi wa dashe. Don haka in kin dawo kada ki tsaya a bakin inji kawai. Ki koma ki koyar da abokan aikinki na ɗakin haihuwa. Ki kuma riƙa bibiyar tarukan Ƙungiyar Masana Ƙoda ta Najeriya, da Ranar Ƙoda ta Duniya da ake yi Alhamis ta biyu a watan Maris, a nan ake haɗuwa da mutanen fannin.

Tunda hawan jini ne ya kai yayanku, ke da sauran 'yan ɗakinku ku je a auna ku.

Maman Amira, Barnawa:

Ƙawata, kowa ya yi maganar aiki, ba wanda ya taɓo gida. Na yi karatun shekara a wani fannin ina da yara uku. Ki fara zama da maigida tun kafin ki sayi fom, shawara za ki kai masa, ba labari ba. Ni ƙanwata ce ta dawo gidan, kuma duk hutun da na samu ina hanya. Watannin farko ina kuka a ɗakin kwana in na ji muryarsu a waya, daga baya kowa ya saba. Ki tanadi kuɗin wata uku a gefe, don wani lokaci takardar hutu takan yi jinkiri. Jinyar Yaya kuma ku raba ta tun yanzu, kina nan, ki nuna wa wanda zai karɓe ki abin da zai riƙa lura da shi.

Maman Biyu, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Mama Metiron, na karɓi shawararki, na shekarar zan nema. Likita, maganar ledar fitsari ta taɓa ni, don na tuna wata mata da aka kawo mana bayan ta haihu a gida, kwana biyu muna fama da jininta, sai a rana ta uku muka lura ledar ko cikin ludayi ba ta tara ba. Daren jiya na yi magana da Baban Biyu, ya ce in kawo masa lissafin kuɗin makaranta da na masauki mu duba tare. Ranar Litinin zan rubuta takardar neman hutu, in kuma je a duba mini rigakafin hanta, don allura biyu na tuna na yi. Ɗan'uwa na Kawo, ranar Laraba Yaya yana da wanki, zan roƙi nas ɗin ta bar ni in ɗora yatsa a hannun wani mai fistula in ya amince, don shi Yaya har yanzu robar wuya gare shi, kuma ina son mu tayar da maganar yi masa ta hannun.