Tambaya kan asetilkolin a mahaɗar jijiya da tsoka

Salamu alaikum, masana. Kwana uku ke nan wannan abu ya tsaya min a rai. Na gane cewa idan saƙo ya iso bakin jijiya, kalsiyam ke shiga, a saki asetilkolin (sinadarin da ke kai saƙo daga jijiya zuwa tsoka), ya tsallaka 'yar tazarar da ke tsakanin jijiya da tsoka ya maƙale a makarɓansa da ke jikin tsokar, sodiyam ya kwararo, tsoka ta motsa. Sannan wani enzayim (sinadarin jiki mai hanzarta aiki) ya farfasa asetilkolin ɗin nan take.

Ga inda na cije. Mai ciwon mayasteniya (ciwon raunin tsoka), wanda fatar idonsa ke saukowa da yamma, ana ba shi maganin piridostigmin don a daƙile enzayim ɗin, sai ƙarfi ya dawo. Amma maganin ƙwari na oganofosfet shi ma enzayim ɗin yake daƙilewa, sai tsoka ta yi ta karkarwa har ta shanye. Yawan asetilkolin ne ke gajiyar da makarɓan, ko tsawon lokacin daƙilewar ne? Don Allah a warware min.