Me za mu kira “humanist celebrant” kafin ƙarfe takwas?

Hajara Fassara: Salamu alaikum. Ina da shiri ƙarfe takwas na dare kan yadda ake aure a ƙasashen duniya, yau mun iso Sikotilan. An ba ni hirar wata mata daga Edinbara in fassara, tun azahar na maƙale a kan sunan sana'arta, “humanist celebrant”. Ga aikin yadda ta faɗa: saurayi da budurwa su same ta watanni kafin biki, ta zaunar da su ta yi ta tambaya, ina kuka haɗu, wa ya fara magana, wane hali nasa ke ba ki haushi. Ta je ta rubuta labarin, ranar aure ta karanta a gaban dangi, su kuma su karanta alkawuran da suka rubuta da hannunsu. Babu addu'a, babu huɗuba. Kuma tun 2005 hukumar can ta yarda da irin wannan aure. Na rubuta “limamiya” na goge. Edita sai leƙowa yake.

Abba Fagge: Mai ɗaura aure. Shi ke nan.

Ummi Kt: Sanƙira? Ko kawai ki ce MC ɗin biki.

Hajara Fassara: Ummi, sanƙira shela yake yi bayan an gama, ba ya sa hannu a takarda. Ita wannan sa hannunta ne ke sa auren ya zauna a idon doka. Abba, naka ya fi kusa, amma da na ce “mai ɗaura aure” mai sauraro a Bichi zai hango rawani da tabarma da kwandon goro.

Malam Ɗanjuma: 'Yata, gara da kika goge limamiya. Liman na salla ne. Ko a namu ɗaurin auren, wakilin ango ne ke nema, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki, shaidu su ji. Liman tsare siga yake yi ya rufe da addu'a. Kalmar da kike nema tana cikin harshen, ba a dai ciro ta ba: maɗauriya. Ɗinka, maɗinki, maɗinkiya. Rubuta, marubuci, marubuciya. Ɗaura, maɗauri, maɗauriya, jam'i maɗaura. Maɗauriyar aure. Ki sa, ki tafi.

Abba Fagge: Malam, maɗauri ai abin ɗaure kaya ne.

Malam Ɗanjuma: A rubuce ne suka yi kama. Karin sautinsu daban. Na kayan aiki sama yake tafiya tun daga farko har ƙarshe, kamar mabuɗi, jam'insa maɗaurai. Na mai aiki yana sauka a tsakiya, kamar maɗinki. Rediyo za ta shiga, ba jarida ba, kunne zai raba su.

Ummi Kt: Ni wallahi da na ji maɗauriya gandurobar gidan yari na tuna. Ko da yake wani auren…

Sadiq Glasgo: Haha Anti Ummi. Amma Malam ya ci rabin gari bai sani ba. Na je irin wannan bikin bara, na wata abokiyar karatuna, a bakin wani tafki. Matar ta sa su haɗa hannu, ta ɗauko tsumma biyu, ɗaya mai zanen gidan su ango, ɗaya an yanko daga rigar kakar amarya, ta naɗe musu hannuwa, suka ja, ƙulli ya fito. Ɗauri na gaske, da ido na gani. Sannan aka kawo wani ɗan kwano mai hannu biyu suka sha a ciki ɗaya bayan ɗaya. Ana yayyafi, kowa na rawar ɗari, ita kuma tana ba da labarin yadda angon ya yi wata uku yana zuwa ɗakin karatu bai buɗe littafi ba. Daga nan suka sa hannu a takardar hukuma, su biyu, ita, da shaidu biyu. Takardar dole a mayar wa ofishin rajista cikin kwana uku.

Malam Ɗanjuma: To kun ji.

Hajara Fassara: Na ji, Malam, amma rabin ne. Sauran kalmar farko, “humanist”. Wani abokin aikina ya rubuta min “mai ayyukan jin ƙai”, na ce masa wannan masu rabon abinci ne a sansanin 'yan gudun hijira, kalma ce daban.

Abu Hafsat: Ku daina kwana-kwana. Mulhida ce tana haɗa marasa addini aure. A faɗi abu da sunansa, kada a shafa masa zuma yara su ɗauka abin kirki ne.

Barista Z.: Malam Abu Hafsat, fassara aka ba ta, ba fatawa ba. Ba a gayyato baƙuwa shiri a kira ta da sunan da ba ta kira kanta ba. Kuma kalmar ba ta yi daidai ba: cikin masu wannan ra'ayi akwai mai cewa babu Allah, akwai mai cewa shi bai sani ba. Abin da ya haɗa su shi ne dogaro da hankali da kimiyya da tausayin ɗan'adam wajen tsara rayuwa, ba da wahayi ba. Hajara, ki kula sosai da wannan wurin. Mubarak Bala, da kotu a Kano ta yanke wa shekara 24 a 2022 kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage, shi ne shugaban ƙungiyar masu wannan ra'ayi a Najeriya a lokacin. Masu sauraronki sun san labarin, kowace kalma kika zaɓa za a auna ta.

Asabe Jos: Ni kuma in ƙara. Kada ki ce “auren da ba na addini ba” kawai, domin auren kotu ma haka yake, kuma ba shi ba ne. Ƙanwata auren kotu ta fara yi kafin na coci, ko minti ashirin ba a yi ba, ma'aikacin bai san sunan kowa ba sai da ya duba takarda.

Sadiq Glasgo: Gaskiyar Anti Asabe. A nan Sikotilan hanya biyu ce: auren rajista da ma'aikacin hukuma ke yi, da kuma wanda dokar 2014 ta kira na addini ko aƙida. Su waɗannan a na biyun suke, layi ɗaya da fasto da liman. Kuma ba tsiraru ba ne, tun 2015 aurensu ya zarce na Cocin Sikotilan yawa. Anti Hajara, kada ki ce Birtaniya gaba ɗaya. Ireland ta Arewa ta yarda a 2018, amma a Ingila da Wales ma'aurata kan je ofishin rajista su yi na doka, sannan a yi wannan a matsayin biki. Masu wannan sana'ar suna jagorantar bikin suna da jana'iza ma.

Malam Ɗanjuma: Madalla, doka da kanta ta ce aƙida. Maɗauriyar aure mai aƙidar mutuntaka. Na gama muku aikin.

Abu Hafsat: Mutuntaka? Wato mu da muke salla ba mu da ita kenan, sai su?

Ɗan Damagaram: Ina ta kallonku. Duk lokacin da aka zo neman kalma, Kano da Zariya ku zauna ku yanke, mu sai dai mu ji a rediyo. Kuma Malam, kana ta Hausa tsantsa, aƙida daga ina ta zo? Liman, waliyyi, sadaki, shaida, duka Larabci ne. In aro halal ne daga gabas, me ya haramta shi daga yamma? Ta ce “selebiran” a wuce wurin, Faransanci ma yana da kalmar.

Malam Ɗanjuma: Waɗannan sun yi ɗaruruwan shekaru a bakinmu, sun ci tuwo sun sha fura. Selebiran ɗinka ko ruwa ba a ba shi ba. Shekara talatin da biyu ina koyar da nahawu, na ga yadda kasala irin wannan ta kashe mana kalmomi masu kyau.

Abba Fagge: Irin na'ura mai ƙwaƙwalwa? Allah ya jiƙanta, kwamfuta ta binne ta.

Malam Ɗanjuma: Yanar gizo fa? Ran da aka fara faɗa irinku ne suka yi dariya. Jirgin sama ma wani ne ya ƙirƙira, ba daga sama ya faɗo ba.

Ɗan Damagaram: Jirgin sama ko yaro ya ji ya gane. Maɗauriya sai an yi masa darasin karin sauti.

Ummi Kt: Jama'a bakwai da kwata fa.

Barista Z.: Hajara, ga shawara. Karo na farko ki yi jimla, ba kalma ba: “mace ce da hukuma ta ba izinin ɗaura aure ba tare da addini ba, a ƙarƙashin wata ƙungiya ta masu aƙidar ɗan'adamtaka”. Ɗan'adamtaka ta fi mutuntaka rashin ɗaukar ɓangare, ba ta yabo ba ta zagi. Bayan nan ki riƙa cewa “mai jagorantar ɗaurin auren”.

Asabe Jos: Jagora ya yi. Ba rawani, ba kwala.

Abu Hafsat: Ni dai ban yarda a kira shi ɗaurin aure ba. Amma tunda an ce ba tare da addini ba a fili, ba zan kira tashar ba.

Malam Ɗanjuma: Kalma ashirin da biyu a wurin ɗaya. Wannan bayani ne, ba fassara ba. Ku yi yadda kuka ga dama.

Hajara Fassara: Na gode ƙwarai. Na ɗauki ta Barista, na shiga.

Hajara Fassara: Na fito. Jimlar ta tafi lafiya, sai dai ɗan'adamtaka ta sarƙe min harshe sau ɗaya. Da na zo wurin naɗe hannu da tsumma lokaci ya ƙure, “mai jagorantar ɗaurin auren” ta yi tsawo, sai na ji bakina ya ce “maɗauriyar”. Edita bai ce komai ba.

Malam Ɗanjuma: Na saurara. Kin ɗaga sautin tsakiya. A gyara kafin maimaici na safe.