Wace bindiga zan fara da ita, ta tsuntsu da aladun daji?

Salamu alaikum 'yan uwa mafarauta, don Allah a taimaka min, kaina ya kulle. Ni dan Aboabo ne nan Kumasi, muna da gonar masara da rogo wajen Ejura, aladun daji sun addabe mu da tone rogo cikin dare, ni ba cin su zan yi ba wallahi, gonar nake karewa, amma zabin daji da fakara kam ina son su a miya.

Kawuna ya ce in dauki mai baki daya lamba 12 (lambar girman bakin bindiga ke nan), wai kananan harsashi na tsuntsu, manya irin AAA na alade, sai canjin harsashi kawai. To ni tsorona idan harbin farko bai kwantar da alade ba ya juyo kaina fa, kafin in sake durawa? Mai baki biyu kuma kudinta ya fi aljihuna. Wani abokina ya ce lamba 20, wadda bakinta bai kai na lamba 12 girma ba, ba ta dukan kafada sosai, ni kuma siriri ne, amma za ta iya da alade kuwa?

Lasisin bindiga a wajen 'yan sanda zan bi, kuma na san an hana farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, kafin nan nake son in yanke shawara. Wanda ya taba harbin alade da mai baki daya ya fada min yadda suka kare.