Jerin maɓallan ƙasa yana faɗowa kwatsam a React Navigation

Salam 'yan uwa. Ina haɗa manhaja da React Native (kayan haɗa manhajar waya) da React Navigation 6 (mai kula da tafiya tsakanin shafukan manhaja). Akwai jerin maɓallai a ƙasa, kowanne da nasa stack (wato tarin shafukan da ake buɗewa ɗaya bisa ɗaya). In an buɗe shafin hira, ina so jerin ya ɓace, sai na sa display: 'none' a tabBarStyle (saitin kamannin jerin) tare da getFocusedRouteNameFromRoute (mai gano shafin da ake kai).

Ɓacewa kam yana ɓacewa. Matsalar wajen komawa baya ce: jerin yana faɗowa tun shafin bai gama zamewa ba, abin da ke ƙasa ya yi tsalle sama. A ƙananan wayoyin Android abin ya fi muni.

An ce in fitar da shafin hirar zuwa stack na waje, wato wanda jerin maɓallan ke cikinsa. To, deep link ɗina fa (mahaɗin da ke buɗe shafi kai tsaye a cikin manhaja), sai na sake tsara shi? Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka.