Hidimar Ubangiji ba sai da naɗi ba

Bayan sujadar Lahadi a Sabon Tasha, mun tattauna yadda wanda ba fasto ba zai bauta wa Ubangiji. Dattawa suka ce a fara da maƙwabta: a duba marar lafiya a asibitin Barau Dikko, a kai wa gwauruwa kwanon masara, a zauna da masu makoki. Wata mama daga Zumuntar Mata ta tuna mana da Tabita a Ayyukan Manzanni 9, wadda ɗinki ne hidimarta. Wannan ya ratsa ni ƙwarai. Ɗan kasuwa kuwa ya cika mudu, ko mai saye Kirista ne ko Musulmi. Abin da ya shafi kuɗin ikilisiya, a sanar da shugabanni tukuna.