"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo": ta dace da sojojin Kanada?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Ga karin maganar da nake so mu tattauna: "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Wani abokin aikina ne ya jefo ta muna hirar sojojin Kanada. A watan Oktoban 2022 ministar tsaron ƙasar ta lokacin, Anita Anand, ta naɗa wata farar hula, Jocelyne Therrien, tsohuwar jami'a a ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa, ta riƙa sa ido kan gyare-gyaren da rundunar ta yi alkawari game da cin zarafi da lalata a cikin soja, tana fitar da rahoto duk wata shida. Shi abokin nawa cewa ya yi wannan raini ne, wai wadda ba ta taɓa sa kaki ba me ta sani game da bariki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, a nan ne mazaunin karin maganar, ko an ja ta inda ba nata ba?

Tsohon Kofur:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai ina bayan abokinka. Duk wanda ya yi aikin soja ya san akwai abin da na waje ba zai gane ba ko shekara zai yi yana karanta fayil. Yadda umarni ke saukowa daga sama, yadda kurtu ke tsoron saje fiye da tsoron janar, wanda ke rubuta maka rahoton ƙarin girma, wanda ke iya tura ka daji in ka ɓata masa rai. Horon soja a hannun kwamanda yake. Ranar da ka nuna wa ƙananan sojoji cewa akwai wata a waje da ke duba aikin kwamandansu, ka rage masa kwarjini, kuma da kwarjinin nan ake fita fagen daga.

Hajiya Ladi:
Baba Kofur, Allah ya ƙara girma, amma a sake sauraron karin maganar da kyau. Cewa aka yi ya *san* inda yake yoyo. Ba a ce zai faɗa ba, ba a ce zai hau ya toshe ba. Mu a gidanmu ana faɗin ta ne idan wani ya zo yana ba ka shawara kan wahalar da kai kake sha, kamar a ce wa mace ta yi haƙuri da miji alhali ita ke kwana da abin. Magana ce ta kare wanda ruwa ke zuba a kansa. Ban taɓa jin an kare mai laifi da ita ba.

To a barikin nan, wa ruwan ke ɗiga wa? Janar ɗin da ke ofis a Ottawa, ko yarinyar da ta shiga soja bara, wadda mutumin da ya taɓa ta shi ne kuma zai sa hannu a takardar hutunta? In da gaske za a bi karin maganar, ita ce mai ɗakin.

Ɗan Katsina a Ottawa:
Hajiya kin taɓo wurin. Bari in ƙara da abin da ya faru, don an riga an gwada barin mai ɗaki da ɗakinsa. A 2015 tsohuwar mai shari'a a Kotun Ƙoli, Marie Deschamps, ta yi bincike ta ce yanayin rundunar ya gurɓace da maganganun batsa da wulaƙanta mata, ta ba da shawarwari 10, ciki har da kafa cibiya mai zaman kanta a wajen rundunar da za ta riƙa karɓar ƙorafi. An kafa cibiya, amma a ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, kuma an fi ba ta aikin ba da shawara da tallafi. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Jonathan Vance, ya ƙaddamar da wani shiri mai suna Operation Honour, ya ce shi da kansa zai kawar da matsalar.

A watan Fabrairun 2021, jim kaɗan bayan ya yi ritaya, sai ga zargi ya taso a kan shi Vance ɗin game da mu'amalar da ba ta dace ba da wata jami'a da ke ƙasa da shi. A watan Maris na 2022 ya amsa laifin yi wa shari'a zagon ƙasa, wato ƙoƙarin sa matar ta ɓoye wa masu bincike gaskiya, aka ɗora masa awa 80 na aikin yi wa al'umma hidima. Wanda ya gaje shi, Admiral Art McDonald, shi ma makonni kaɗan da kama aiki ya koma gefe saboda bincike, ko da yake ba a gurfanar da shi ba. Shekara shida ke nan mai ɗaki na cewa a bar shi ya san wurin.

Zulai:
Kai! Ashe kura aka ba ajiyar nama. Ni ai wannan ce karin maganar da ta dace, Malam Habu, ba taka ba.

Malam Habu:
Zulai, a yi hattara. "An ba kura ajiyar nama" tana yanke hukunci ne tun kafin a zauna, tana nufin kowa a rundunar maci amana ne, alhali waɗanda aka zalunta ma sojoji ne, kuma har da maza a cikinsu. Ni da za a tambaye ni, "wanzami ba ya son jarfa" ta fi kusa. Hukumar da aikinta shi ne ladabtar da mutane ba ta jin daɗin a zo a duba nata bayan.

Tsohon Kofur:
Na ji, na kuma yarda shugaba na iya zama shi ne ɓarakar. Amma ku ba ni amsar wannan: ita matar da aka naɗa, an ba ta ikon korar ko da kofur ɗaya? In ba a ba ta ba, me ta ƙara banda takarda?

Ɗan Katsina a Ottawa:
Ba a ba ta ba, Baba, nan kam ka kama su. Aikin da aka ba ta shi ne ta shiga, ta tambaya, ta duba takardu, ta rubuta wa minista, a wallafa kowa ya gani. Asalin muƙamin daga rahoton Louise Arbour ya fito, ita ma tsohuwar mai shari'a ce a Kotun Ƙoli, wadda ta miƙa shawarwari 48 a watan Mayun 2022. Ta 48 ɗin ita ce a naɗa mai sa ido daga waje, don ta ga abin da ya sami rahoton Deschamps. Kuma rahoton farko da Therrien ta fitar a 2023 ya faɗi abin da na ciki ba su faɗa ba: ana ta ayyuka nan da can, amma babu wani tsari guda da ya haɗa su, wanda za a auna a ce an ci gaba ko ba a ci ba.

Wani misalin ya fi burge ni. A da akwai dokar da ta wajabta wa duk sojan da ya ji labarin cin zarafi ya kai rahoto sama. A ido kamar gyara ce. Sai ofishin babban mai binciken kuɗi ya gano a 2018 cewa tana hana mutane magana, don mace ba ta iya gaya wa ko ƙawarta soja abin da ya same ta ba tare da maganar ta isa teburin kwamanda ba, ko tana so ko ba ta so. Arbour ma ta yi magana a kai, sai a 2024 aka soke ta. Masu ɗakin ne suka kafa dokar, da kyakkyawar niyya ma, na waje ne suka zauna da waɗanda abin ya shafa suka ji illarta.

Hajiya Ladi:
Ka ga abin da nake faɗa. Na wajen ba ilimin bariki ta fi su ba, kunne ta kawo wanda ba ya ƙarƙashin kowa. Kuma Baba Kofur, kwarjinin da kake tsoron ya zube, ai ya riga ya zube ranar da gwamnati ta amince a 2019 za ta biya diyyar dalar Kanada miliyan 900 ga waɗanda suka kai ƙara, sannan minista da babban hafsa suka fito a Disambar 2021 suna neman afuwa a bainar jama'a. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Sadiq:
Ni fa ina ganin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya kai mace bariki tun farko?

Hajiya Ladi:
Sadiq, ɗana, wannan ba wurinta ba ne. Ana faɗin ta ne inda ɓangare biyu ke da hannu a rigima. Wadda ta ɗauki rantsuwa ta kare ƙasarta, ogan da ke sama da ita ya ci zarafinta, wane wari ta yi? Kuma an gaya maka a sama har da maza.

Zulai:
Ƙyale shi Hajiya. Yaya na Ottawa, to abin ya ragu kuwa?

Ɗan Katsina a Ottawa:
Hukumar ƙididdiga ta Kanada ta yi bincike a 2022: kashi 3.5 cikin 100 na sojojin dindindin sun ce an ci zarafinsu ta hanyar lalata cikin shekara guda kafin binciken, alhali a 2018 kashi 1.6 ne. Wasu na cewa abin ne ya ƙaru, wasu na cewa bakin mutane ne ya buɗe. Babbar shawarar Arbour kuwa, a cire shari'ar irin waɗannan laifuka daga kotun soja a mayar kotun farar hula, an fara aiki da ita bisa umarni tun ƙarshen 2021, sai dai wasu rundunonin 'yan sanda sun ƙi karɓar wasu fayilolin. Ƙudurin da zai mayar da ita doka, C-66, an gabatar da shi a Maris 2024, ya mutu da aka dakatar da zaman majalisa a Janairun 2025, sai da aka sake gabatar da sabo daga baya a shekarar.

Tsohon Kofur:
To kun gani. Wannan jinkirin dai ba soja ya jawo shi ba, 'yan majalisa ne, farar hula irin ita mai sa idon. Su wa ke rubuta rahoto a kansu duk wata shida? Malam Habu, ka gaya wa abokinka na janye rabin goyon bayana, rabin yana nan.