Wacce zan saya ta tafi da tsire ranar Asabar?

Baban Joy: Jama'a barkanmu da yamma. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar. Joy ta gama jami'a, Asabar ɗin nan za mu ɗan taru a gida nan Manchesta, zan gasa tsire da kaji, kuma abokan aikina turawa kamar takwas sun ce za su zo. Kwanaki ɗayansu ya ba ni wata giya mai ƙamshi kamar an matsa lemu da mangwaro a ciki, ya ce irin ta ƙananan kamfanoni ce da ake cika wa furen hof, wani tsiro mai ba giya ƙamshi da ɗaci. Ni dai Star da Gulder na sani, sai Rock tun muna Jos. Jiya na shiga kanti na ga gwangwanaye kala-kala sai ka ce shagon fenti, na fito ban ɗauki komai ba. Wacce zan saya don Allah?

Ɗan Kafanchan: Barka da arziki Baba, Allah ya sa albarka a karatun. Sierra Nevada Pale Ale, mai koriyar takarda. Ka ɗauka ka rufe ido.

Anti Rahila: Ayyiriri! Joy ɗin da muka goya? Kai lokaci ba wuya. A gaishe min da mamanta.

Yaya na Texas: Na goyi bayan Ɗan Kafanchan. Wannan ita ce uwar su duka ai, tun 1980 Ken Grossman yake dafa ta a Chico can Kalifoniya, da hof ɗin da ake kira Cascade, shi ne mai ba da ƙamshin ɓawon lemun nan. Barasarta kashi 5.6 cikin ɗari ne. Da kana nan gefenmu da na ce ka nemi Pseudo Sue ta Iowa ko Zombie Dust ta Indiana, su kuma hof ɗin Citra zalla aka zuba musu, kana buɗewa ɗakin zai ɗauka.

Ɗan Kafanchan: Yaya mutum yana Manchesta kana aika shi Iowa

Yaya na Texas: Na ce DA yana nan. Karanta da kyau ƙanena.

Kawu Bukuru: Baban Joy, kafin ka biye wa masu jera maka sunaye ka saurare ni, don ni abin ya taɓa cina kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Kirsimetin da ya wuce surukaina suka zo daga Jamus, mijin ƙanwar matata mutum ne mai son irin giyar nan sosai, sai na ce bari in fita kunyarsa. Akwai wani ɗan shago kusa da mu, ba zan faɗi sunansa ba, na ga sun jibge katan-katan na wata mai suna sosai an karya kuɗinta kusan rabi, na ce yau na yi tsuntuwa, na kwashi katan biyu na kai gida na sa a firij. Ranar da aka zauna cin abinci na buɗe na zuba wa baƙo da hannuna. Ya kai hanci, ya kurɓa, ya ajiye kofin a hankali bai ce komai ba, mutumin kirki ne ba ya son ya kunyata ni. Da na ɗanɗana tawa sai na ji kamar an jiƙa kwali a ruwa an ɗiga masa zuma, ƙamshin lemun nan babu shi ko na magani, launinta ma ya yi duhu kamar shayin da ya kwana. Shi ne ya juya gwangwanin ya nuna min ƙasansa. Ashe wata goma sha ɗaya ke nan da cika ta. Kuma da na tuna, inda suka jibge katan ɗin a shagon jikin hita ne, ga taga rana tana dukansu.

Washegari na koma da sauran, mai shagon ya ce shi bai ga laifinsa ba tunda ranar lalacewa da aka rubuta ba ta yi ba. A takarda yana da gaskiya, ba za ta sa ka ciwon ciki ba, amma abin da ka biya kuɗi dominsa ya riga ya gudu. Ƙamshin nan mai ne a cikin furen hof, kuma mai ne mai saurin tashi, zafi yana kashe shi, 'yar iskar da ta shiga lokacin cikawa tana cinsa a hankali, in kuma kwalba ce fara ko koriya haske yana juya ɗacin ya koma wari. Shi ya sa masu yin ta da gaske suke zuba ta a gwangwani ko kwalba mai ruwan ƙasa. Ba kamar Guinness ɗinmu ta gida ba ce da za ta yi watanni a sito ka sha ka ji ta daram.

To abin da nake yi yanzu, ba na fara duba suna, ƙasan gwangwani nake fara dubawa. In sun buga ranar da aka cika ta, kada ta wuce wata uku. In ranar lalacewa kawai suka sa, ka ɗauki wadda ranarta ta fi nisa. Daga cikin firij ɗin shago za ka ɗauka, ba daga kan kanta ba, in ka kai gida ma firij kai tsaye. Kuma duk inda ka ga an karya kuɗin irin wannan giyar sosai ka tambayi kanka dalili, araha ba ta ado. Don haka ni da Sierra Nevada da ta ƙetaro teku ta yi wata shida a hanya, gara min wadda aka dafa nan kusa sati uku da suka wuce, ko da ban taɓa jin sunanta ba.

Baban Joy: Kai Kawu, sannu. Wallahi da katan ɗin rangwamen zan fara ɗauka, don na ga wasu jiya.

Ɗan Tudun Wada: Kawu ya yi wa'azin Lahadi tun ranar Laraba 😂 saura baiko

Kawu Bukuru: Kai yaro ka kiyaye ni, na san babanka tun yana ɗan kwaya.

Maman Biyu: Maganar Kawu gaskiya ce. In ta nan Ingila kake so ka nemi Oakham Citra, a Peterborough ake yin ta, manyan kantuna suna da ita kuma ba tsada, ta kwalba 4.6 ce. Ni ita nake saya wa maigida. In kana son ka burge turawan naka kuma sai Steady Rolling Man ta Deya, daga Cheltenham, tana da ɗan hazo-hazo kamar ruwan abarba, ɗacinta kaɗan ne, amma fa da kuɗinta.

Ɗan Kafanchan: Waɗannan masu hazon ni ba na ganewa. In jus nake so sai in sayi jus. Giya a ji ɗaci a maƙogwaro.

Maman Biyu: To ka tafasa shuwaka ka sha mana, ka huta da kashe kuɗi

Ɗan Kafanchan: Anti ba haka ba ne. Ɗacin yana da aikinsa, shi ke wanke maiƙon nama daga baki ka ji kana son ƙarin tsinke. Mai zaƙin nan gwangwani ɗaya ta gundure ka. Ki gwada Jaipur ta Thornbridge da tsire mai kitse ki dawo ki ba ni labari.

Yaya na Texas: Jaipur ai IPA ce, wato nau'in da ya fi pale ale irin su Sierra Nevada ƙarfi da ɗaci, 5.9, ka fita daga layin da aka tambaya. Kuma ku yi hankali da yaji. Na taɓa haɗa mai ɗaci sosai da tsiren da aka zuba wa yajin gida na gaske, ɗacin da barkonon suka haɗu suka zama wuta, wani abokin aikina har hawaye. In yajinka mai zafi ne Baban Joy, ka tsaya a mai sauƙi, 4 zuwa 5 da ɗan wani abu, mai ƙamshi da yawa ɗaci kaɗan. A nan Maman Biyu ta fi ka gaskiya Ɗan Kafanchan.

Maman Biyu: Na gode Yaya, a faɗa masa dai

Malam Bradford: Salamu alaikum. Baban Joy ina taya murna, Allah ya ba ta aiki mai albarka. Ni kun san ba layina ba ne wannan, tsiren dai nake bi. Amma tunda an gayyace mu a tanadar mana zoɓo da kunun aya, kada a bar mu da ruwan famfo kamar bikin bara.

Anti Rahila: Malam bikin bara ai kai ka zo a makare, zoɓon ya ƙare tun ƙarfe huɗu

Ɗan Tudun Wada: Malam akwai marasa barasa yanzu fa, masu ƙamshin hof ɗin sak. Punk AF, da Pine Trail ta Big Drop. 0.5 ne kawai, ayaba in ta nuna sosai ma tana da ɗan nata.

Malam Bradford: Ƙanena na gode, amma 0.5 ba sifili ba ne. Ayaba kuma ba wanda ya dasa ta da niyyar giya. Ni ko an rubuta 0.0 in dai a tukunyar giya aka dafa ta aka kira ta giya, na bar ta, hankalina ya fi kwanciya haka. Kowa da inda ya tsaya.

Ɗan Tudun Wada: To Maltina fa? Su waye suke yin ta?

Malam Bradford: Maltina ba a bari ta yi tsami ta zama giya sannan a cire. Kada ka ja ni musu da daren nan, gobe ina da aikin safe.

Kawu Bukuru: Ku bar Malam ya sha abin da ransa ya natsu da shi. Ba a taɓa yin wannan gardamar an gama ba a zauren nan.

Yaya na Texas: Malam in ƙamshin kawai kake son ji, nan Amurka akwai ruwa mai gas da ake jiƙa hof a ciki, ba hatsi ba barasa ko ɗigo, Lagunitas suna yin ɗaya Hoppy Refresher. Ni shi nake sha in zan tuƙa mota. Wannan ma ya tuna min, Baban Joy ka tanadi irin su saboda masu tuƙi, kada kowa ya kama sitiyari bayan gwangwani uku.

Baban Joy: Wannan dole ne. Biyu za su kwana a nan, sauran tasi.

Ɗan Tudun Wada: Wai da gaske ne hof ɗin nan ɗan'uwan wiwi ne? Wani ya faɗa min a wurin aiki

Yaya na Texas: Dangi ɗaya ne a wurin masana tsirrai, shi ya sa wasu in ka shinshina kake jin kamar haka. Amma ba ya bugarwa, barasar ce mai bugarwa. Yawancin na Amurka a kwarin Yakima ake noma shi, jihar Washington, yana hawa igiya ya yi tsawo ya fi gida.

Anti Rahila: Ni duk wannan lissafin naku, a ba ni burkutu mai ɗumi a ƙwarya ranar kasuwa, an gama magana. Shi ma ai na ƙananan masu dafawa ne, tun kafin bature ya san ana yayin abin. Kakata kwana da kwanaki take yi tana jiƙa dawa tana shanyawa tana dafawa, kuma ba wanda zai sha na shekaranjiya.

Kawu Bukuru: Yauwa Rahila! Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Wa zai sayi burkutun da ya kwana uku don an rage masa kuɗi?

Ɗan Kafanchan: Tunda an ambaci bature, kun san akwai kamfanin irin giyar nan a gida mai suna Bature? A Abuja suka fara, yanzu suna Legas. Da na je hutu na sha wata tasu Harmattan Haze, sunan kaɗai ya sa na saya.

Maman Biyu: Ya take?

Ɗan Kafanchan: Ta yi. Daga famfo aka zuba min a wurinsu, sabuwa fil.

Maman Biyu: Kai da ka ce ba ka son mai hazo 😂

Ɗan Kafanchan: Hazon gida daban ne Anti

Ɗan Tudun Wada: Ba wanda ya ambaci Gamma Ray da Neck Oil na Beavertown, ko'ina akwai su kuma suna tafiya da sauri a kanti, ba sa daɗewa a kan kanta balle su tsufa.

Yaya na Texas: Heineken ta saye su gaba ɗaya tun 2022, ba ƙaramin kamfani ba ne kuma.

Ɗan Tudun Wada: To sai me? Bakina ne zai sha ko takardar mallaka? Star ɗin da muka taso da ita ta wa ce?

Yaya na Texas: Ni dai na fi son kuɗina ya shiga hannun mai tukunya, ba hannun masu hannun jari ba. Anchor ta San Francisco da ta yi Liberty Ale tun 1975, babban kamfani ya saye ta, a 2023 aka rufe. Abin ya dame ni sosai.

Baban Joy: To jama'a kun ƙara rikita ni 😅 Ga abin da na rubuta: Oakham Citra guda goma sha biyu, Deya ɗin Maman Biyu guda shida in na samu, Sierra Nevada in ranarta ta yi kyau. Marasa barasa shida. Zoɓon Malam. Na yi daidai?

Ɗan Kafanchan: Ka ƙara Jaipur ko huɗu ne saboda ni

Kawu Bukuru: Ka duba ƙasan kowacce. Kuma ka fito da su daga firij kamar minti goma kafin a sha, in ta yi sanyi ƙarara ƙamshin ba ya tashi. A zuba a kofi, kada a sha daga gwangwani.

Anti Rahila: Wai tsaya, yajin tsiren wa zai kawo? Kada ka ce min na kantin Indiyawan nan za ka sa.

Baban Joy: Nawa ya kusa ƙarewa Anti, abin da ya rage bai fi cokali uku ba.

Malam Bradford: Hajiya ta dawo daga Kano satin jiya, ta zo da na ƙuli-ƙuli kusan mudu guda. Zan taho da shi. Ƙarfe nawa za a hura gawayi?

Baban Joy: Biyu, ranka ya daɗe. Ka zo da wuri ka taya ni tsire naman.